Sarauniyoyi Ashirin da Huɗu a Gidan Janwe

Ranar Juma'a da yamma Verna Tackett ta kashe sarauniyoyin zumarta da hannunta, su ashirin da huɗu. Ta bi amyoyin ɗaya bayan ɗaya, ta busa hayaƙi, ta lalubo tsohuwar a tsakiyar dubban ƙudaje, ta matse ta tsakanin yatsu biyu. Haka sana'ar take. Sai amya ta kwana cikin maraici kafin ta karɓi baƙuwar sarauniya, in ba haka ba 'yan gida su yi mata taron dangi. Tsofaffin sun daina ƙwai tun watan jiya, don haka babu abin da ƙudan za su reni wata da shi. Amya ɗari biyu mijinta Hollis ya mutu ya bari shekara biyu da suka wuce. Sanyi ya ci rabonsa, ƙwari suka ci nasu, sai waɗannan ashirin da huɗu suka rage. In sababbin sarauniyoyi ba su shiga ba, kafin ganye ya zuba babu sauran zuma a gonar Tackett, sai akwatunan katako.

Asabar da sassafe ta hau tsohuwar a-kori-kurar Hollis, ta haye gadar kogin Mississippi zuwa jihar da ke ƙetare, wajen wani dattijo mai kiwon sarauniyoyi. Ya jera mata su a kwali, kowacce a ɗan keji kamar gidan ashana, da 'yan rakiya huɗu ko biyar da ɗan curin sukari.

"Su ne na ƙarshe bana, Verna," in ji shi. "Ko uwata ta taso daga kabari ba ni da wata. Kada rana ta taɓa su, kuma ki riƙa ɗiga musu ruwa a kan ragar."

"Shekarata talatin da zuma, Emmett, yau za ka koya mini?"

Ta ajiye kwalin a ƙasan kujerar gaba, ta yafa masa ƙyalle mai shara-shara, ta kama hanya. Sai da ta shigo garin Marlow Bend, kusa da gada, ta tuna gorar ruwanta tana can kan teburin kicin. Ga shi watan Yuli, ƙarfe goma da rabi amma kwalta har ta fara ƙyalli.

Filin ajiye motoci na kantin da ta nufa fetal yake, ko ciyawa babu. Tsallaken titi kuwa, a filin wani shagon kujeru, ga wata ƙatuwar bishiya da inuwa lumshi. Duk mai zuma a duniyar nan can zai kai motarsa, ba sai ya yi shawara da kowa ba. Ta faka a gindin bishiyar, ta sassauke gilasai faɗin yatsu uku, ta bar waya da jaka a ciki, ta ɗauki ɗan walat ɗinta kawai. Akwai allon gargaɗi a jikin ginshiƙi, ta ma gan shi: filin na masu sayen kujeru ne kaɗai, sauran motoci janwe ya ja su. A garinsu irin allon nan ado ne, shekara ashirin yana tsatsa ba a ja ko keke ba. Ba ta san cewa a nan masu janwe mutum suke ajiyewa a cikin mota da waya a hannu ba, aikinsa kawai ya ga ƙafarka ta taka titi ya kira su.

Minti bakwai ta yi. Ta fito da gorar ruwa ta hango gaban a-kori-kura a sama, rataye a ƙugiya, janwe yana silalowa bakin fita.

Rabon Verna da gudu tun kafin a yi mata aikin gwiwa, amma ta ruga. Ta sha gaban janwen, ta buga masa tafin hannu a ƙofa.

"Tsaya! Kai ɗan nan, tsaya, motata ce!"

Direban ya sauke gilashi. Ƙato ne mai jan gemu, an ɗinka sunansa a aljihun riga, Lonzo.

"Kin makara, Madam."

"Ban makara ba, ga tayarka ta baya a cikin fili. Doka ta ce in mai mota ya iso kafin ka fita, dole ka sauke. Na san haƙƙina."

"Dokar ina?" Ya leƙa madubi ya dubi lambar motar, ya yi murmushi. "Au, 'yar ƙetare ce. Madam, dokarku a tsakiyar gada take tsayawa, ba ta iya iyo ba. Ga kati, akwai adireshi a jiki. Sha biyu muke rufewa."

Ya miƙo katin, ya zagaye ta, ya hau titi.

Mil ɗaya da rabi ne, hanyar ta bi gefen layin dogo, babu inuwa ko ta turken lantarki. Tana tafe tana ɗingishi tana zagin kanta. Baki ɗaya Allah ya ba ta, numfashi ɗaya ya rage mata a bakin filin nan, ta ɓata shi wajen karanta wa ƙato doka maimakon ta ce masa akwai rai a cikin motar. Abu ɗaya ta riƙe a zuciya take tafiya da shi, gilasan a buɗe suke. In iska tana ratsawa za su kai awa guda, ƙila da rabi.

Sha ɗaya da minti ashirin da biyar ta iso Gidan Janwe na Crowell. Shingen waya ne mai ƙaya a sama, a ciki tsakuwa fara fat da motoci jere suna gasuwa. Can ƙarshen layi ta hango tata, rana ta daki rufin sosai. Ofishin ɗan ɗaki ne, da taga mai kaurin gilashi da ramin miƙa takardu. Wata mata mai kimanin shekara arba'in tana zaune a ciki, fanka na kaɗa mata gashi, tana cin soyayyen dankali. Allon gabanta ya ce sunanta Darla.

"'Yar nan, don Allah taimaka mini. A-kori-kurar da aka kawo yanzu, shuɗiya. Akwai sarauniyoyin zuma a ciki, rana za ta kashe su."

"Sarauniyoyin me?"

"Zuma. Ƙudan zuma."

Darla ta goge yatsu a takarda, ta danna kwamfuta. "Dala ɗari uku da tamanin da biyar, Mama. Kuɗin ja, kuɗin ƙofa, da na kwana ɗaya."

"Wane kwana? Ko awa ba ta yi ba!"

"Da ta shigo ƙofa kwana ya fara."

Verna ba ta tsaya jayayya ba, ta zura katin banki ta ramin. Darla ta turo shi baya da ɗan yatsa.

"Tsabar kuɗi kawai."

"A wajenmu dole ne ku karɓi kati."

"To, ga shi ba a wajenku kike ba." Ba da faɗa ta faɗa ba, da gani maganar ta zame mata kamar gaisuwa. "Akwai na'urar cire kuɗi a gidan mai, mil guda. Amma tsaya tukuna, ba ni lasisinki."

Ta duba lasisin, ta duba kwamfuta, ta sake duba lasisin.

"Wane ne Hollis Tackett?"

"Mijina."

"Sunansa ne a takardun motar. Shi zai zo da kansa."

"Ya rasu. Shekara biyu ke nan."

Darla ta ajiye dankalin. "Ayya. Allah ya ba ki haƙuri, Mama. Ba ki canza sunan ba?"

Ba ta canza ba. Sau biyu tana zuwa ofishin rajistar motoci da takardar mutuwar a jaka, sau biyu tana kaiwa bakin layi ta juyo. A gundumarsu wa zai tambaye ta? Ɗan sandan da ke tare hanya ma shi ya ɗauki makarar Hollis ta gefen hagu. Duk shekara takardar sabuntawa takan zo da sunansa a jikin ambulan, kuma ita kaɗai ce wasiƙar da har yanzu take zuwa masa.

"Ko kin kawo kuɗin ba zan iya sakar miki ba," in ji Darla. "Sai da takardar kotu mai nuna ke ce magajiya. Litinin ke nan."

"Ku riƙe motar. Ku riƙe ta har Kirsimeti. Kwali ɗaya nake so, a ƙasan kujera, minti biyu."

Darla ta nuna wata takarda da aka manna a gilashi. "Magani, tabarau, kujerar jariri. Su kaɗai ake fitarwa kafin a biya. Sauran duk kaya ne."

"Ba kaya ba ne, suna numfashi!"

"Mama, ni ba ni na rubuta ba. Kyamara tana kaina, in na buɗe ƙofar nan Litinin ba ni da aiki."

"Ba ni wayarki."

Darla ta zuro kan wayar ofis ta ramin, igiyar ta miƙe iya tsawonta. Verna ta kira 'yan sanda a duƙe, kuncinta a jikin gilashi. Wata murya mai sanyi ta saurare ta har ƙarshe.

"Yaro ne a cikin motar, Madam?"

"A'a."

"Kare ko kyanwa?"

"Zuma ce. Sarauniyoyi ashirin da huɗu."

Ta ji an toshe bakin wayar da hannu, ta ji dariyar wani daga nesa.

"Madam, wannan tsakaninki da kamfanin ne. Akwai ofishin koke na jiha, suna buɗewa Litinin ƙarfe tara."

Kowa Litinin. Sai ka ce Allah ya ɗauke rana daga sama ya ajiye sai Litinin. Ta mayar da wayar, ta dubi agogon bango ta cikin gilashi, sha biyu saura kwata.

Ƙofar baya ta buɗe, Lonzo ya shigo yana shan lemo mai ƙanƙara.

"A'a, lauya ta iso! Da ƙafa? Sannu da ƙoƙari, Madam."

"Lonzo, bari," in ji Darla. "Wai zuma ce a motar."

"Zuma? Ta sha?"

"Masu rai."

Ya ja da baya taku ɗaya kamar an ce suna aljihun Verna. "A cikin motar da na zura kaina? Ni da in ɗaya ta harbe ni sai asibiti?"

"A keji suke, ba za su taɓa ka ba," in ji Verna. "Ɗana, dubi furfurata. Ban taɓa roƙon kowa ba, yau ina roƙonka. Gilasan da na bari a buɗe ne kaɗai ke riƙe da ransu, kuma ba za su..."

"Wane gilasai?" Ya dubi Darla, ya dubi Verna. "Ai na rufe."

"Ka yi me?"

"Na ɗaga su. Ƙa'ida ce, duk motar da ta shigo sai an rufe ta ruf. In ruwa ya shiga ko aka saci rediyo, mu ake kai wa ƙara. Ke ma gobe ke za ki fara cewa an taɓa miki kaya."

Verna ta dafa katakon tagar da hannu biyu. Minti hamsin ke nan motar na rufe. Tsoro ya kama ta irin wanda rabonta da shi tun ranar da likitan Hollis ya kira ta gefe a asibiti. Ta juya ta fita, ta kama ƙofar shingen ta girgiza da iya ƙarfinta. Sarƙar ta yi ƙara, wani kare ya taso daga ƙarƙashin wata mota yana haushi. Ta sa ƙafa a ramin wayar za ta hau, gwiwar ta ƙi, ta zamo, wayar ta yage mata tafin hannu.

"Madam! Madam, za ki ji wa kanki!" Lonzo ya fito ta ciki, ya tsaya daura da ita, shinge a tsakani. "In kika tsallako dole in kira 'yan sanda, kuma wannan karon za su zo."

"Kai ka ɗauko mini. Ka miƙo ta sama."

"Ni in taɓa kwalin zuma? Kuma in fitar da kaya daga motar da ba a biya ba? Lasisina fa?"

"To buɗe ƙofar motar kawai! Buɗe ka gudu!"

Ya waiga ya dubi a-kori-kurar. Ya daɗe yana dubanta, kuma ba zumar yake tunani ba. Duk wanda ya san mota ya san irin wannan kallon.

"Ta wace shekara ce? Saba'in da tara? Injinta na asali?"

"Me ya kawo wannan?"

"Akwai hanya ɗaya," in ji shi, ya rage murya. "In mai mota ya sallama ta ga kamfani, babu kuɗin ja, babu na kwana, kuma yana da damar kwashe komai nasa nan take. Takarda ɗaya ce. Ki sa hannu a matsayin matar marigayi, sauran mu za mu bi ta kotu, mun saba."

Verna ta dube shi ta cikin ramukan wayar.

"Wato sunana bai isa ya fitar da motar ba, amma ya isa ya ba ka ita."

"Ni dai hanya na nuna miki. Ba dole."

Kuma abin haushin, a ransa taimako yake ganin ya yi. Irinsu Lonzo ba sa kwana da nauyin kowa a zuciya, don kullum akwai wata takarda da ta ɗauke musu.

Motar nan Hollis ya saya shekarar da suka yi aure. Kujerar direba ta lotsa daidai jikinsa, har yau sai ta sa matashi take ganin hanya. Da ita ake kai amya gonakin tuffa, da ita ake kai zuma kasuwar Asabar, kuma babu wata a gidan. Duk wannan ya zo mata a lokaci guda, bai kuma ɗauke ta daƙiƙa biyar ba.

"Kawo takardar."

Darla ta zuro ta ta ramin, ba ta ɗago ido ba. "Mama, ki karanta tukuna. Motar nan ta fi..."

"Ba ni biro, 'yar nan."

Ta sa hannu a wuri uku, jinin tafinta ya ɓata gefen takardar. Sha biyu saura minti huɗu aka zare sarƙa.

Ta ratsa tsakuwar nan tana jan ƙafa. Marfin ƙofar ya ƙone mata yatsu, da ta buɗe kuwa wani huci ya bugi fuskarta kamar ta leƙa tanda. Ta durƙusa ta janye ƙyallen. Da safe kwalin nan gunji yake yi ƙasa-ƙasa, tana jin sa har a tafin ƙafarta tana tuƙi. Yanzu ta kara kunne, ba ta ji komai ba.

Ta rungumo shi, ta rufe shi da hularta, ta dawo inuwar bangon ofis, 'yar siririya da ba ta fi taku biyu ba. Ta zauna a ƙasa dirshan. Ta buɗe gorar ruwan, wanda shi ma ya yi ɗumi, ta tsoma yatsa, ta ɗauki keji na farko ta shafa ɗigo a kan ragar. 'Yan rakiyar sun dunƙule a kusurwa, sarauniyar ta naɗe, ƙafafunta a harɗe. Ta hura mata iska a hankali, ta jira. Ta ajiye shi a dama.

Na biyu, dama. Na uku, dama.

A na huɗu wani ɗan siririn harshe ya fito ya taɓa ruwan. Verna ta saki wani sauti da ba kuka ba ne ba kuma dariya ba, ta ajiye shi a hagu, a cikin inuwar cinyarta.

Darla ta fito da fankar teburinta da doguwar igiya, ta saita ta, ta tsuguna gefe. Lonzo yana tsaye can nesa, makullin shinge a hannu.

"Da kin faɗa tun a can, Madam," in ji shi. "Wallahi da kin ce akwai rai, da ban rufe ba."

"Na sani," in ji Verna, ba ta dube shi ba. "Matsa, kana tare iskar."

Ya matsa. Ta ci gaba, keji bayan keji. Wasu ta ba su ruwa sau uku kafin ta haƙura. Ɗaya ta motsa ƙafa sau biyu a tafin hannunta sannan ta daina, ita ma ta tafi dama. Da kwalin ya ƙare ta ƙirga na hagu, ta sake ƙirgawa ko ta yi kuskure.

"Nawa?" in ji Darla.

"Tara."

"To, ai an samu wani abu, Mama. Ko ba haka ba?"

Darla ta kai hannu wajen tarin dama. "In zubar miki da waɗannan?"

"Bar su. Tare muka zo."

Ta ba Darla lambar wani maƙwabcinta, aka kira, ya ce yana yankan ciyawa amma zai taso, a ba shi awa guda. Lonzo ya ɗebo mata jakarta da wayarta da matashin kujera, ya ajiye a gefenta, ya kulle shingen, ya tafi cin abinci. Darla ta bar mata fankar, ta koma ofis.

Verna ta jingina da bango, keji tara a cinyarta, tana tsoma yatsa tana shafawa. Amyoyi ashirin da huɗu suna can ƙetaren kogi suna jira, kowacce ta kwana babu uwa, kuma ita ta mayar da su haka. Kafin rana ta faɗi sai ta tsaya a gabansu ta ce wannan, ban da wannan. Ta rufe ido ta fara bin su a zuci daga bakin rijiyar gona, inda layin farko ya soma. Biyun farko dole, su suka fi kowa ƙarfi. Ta uku raguwa ce, amma ita Hollis ya sauko da ita daga rufin coci da tsanin aro, yana zagi mutane na dariya. Ta huɗu ba ta taɓa harbin kowa ba. Ta biyar ita ta ba da zumar da aka ci ranar jana'iza.

Ta kai tara tun ba ta gama layin farko ba. Ta goge fuska da bayan hannu, ta koma bakin rijiya ta sake farawa.